Kuɗin da za ku tura wa makarantar unguwa, ku fara da karin kumallo

Ɗan'uwa, ka ce ku 'yan Gadarif ta Sudan mazauna Jidda kun yi karo-karo, kana tambaya me ya kamata ku fara yi wa yaran marasa hali: littafi ko gyaran aji?

Ni dai shawarata, ku fara da cikinsu. Na koyar a firamare, na ga yarinyar da idan aka tashi fatur, wato hutun karin kumallo, sai ta koma bayan aji ta kifa kai a benci, wai barci take ji. Ba barci ba ne, ba ta da kuɗin ful (dafaffen wake) da burodi ne. Irinta daga baya sai uwa ta ce gara ta riƙa bin ta kasuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abin ya ƙaru, ga 'yan gudun hijira daga Khartoum da Madani, wasu ma a ajujuwan suka sauka.

Kada ku damƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya. Ku bi ta kwamitin iyaye, a sa mata biyu a ciki, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Marayu kuma a kai sunayensu Diwanin Zakka, wato hukumar zakka ta gwamnati. In an samu rara, a gyara bayin 'yan mata kafin fenti.

Allah Ya saka muku da alheri.