Dokina ya cika zabura, wane magani zan zuba masa a abinci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah tambaya gare ni a kan dokina, shekararsa bakwai, wata biyar kenan yana hannuna. Sanda na saye shi ba shi da wata fitina sai dai ya ɗan rame, to ni kuma don in ga ya murje sai na dage masa da hatsi, safe da yamma kusan kilo uku-uku, ga dusa a kai, ciyawa kuma sau biyu ake zuba masa. Jiki kam ma sha Allah ya yi, amma hali ya canza kwata-kwata. Ko leda iska ta kwaso sai ya zabura kamar an harba bindiga, in an zo ɗaura sirdi da an ja majayi sai ya kwantar da kunne ya juyo zai kai cizo, a barga kuma ba ya tsayawa waje ɗaya, sai tonon ƙasa da gwaguyar katako. Satin da ya wuce saura ƙiris ya kayar da ni. Sau biyu ko uku nake fita da shi kilisa a sati saboda aiki. Wani abokina ya ce in sayi garin nan mai magnesiyam da ake cewa yana kwantar wa doki da hankali, wani kuma ya ce bitamin B zan ƙara masa. Wanne zan saya kuma yaya zan rinƙa ba shi? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya tsare gaba, faɗuwa daga kan doki ba abin wasa ba ce. Gaskiya da na karanta wasiƙarka ban ga dokin da yake neman ƙarin wani abu ba, na ga dokin da yake neman a rage masa ne. Ka ajiye kuɗin garin nan tukuna, mu fara leƙa komin abincinsa, don ni a ganina a nan matsalar take, kai da bakinka ka faɗa, hali ya canza ne bayan ka dage da hatsi.

Ka ga shi doki girman jikinsa ne ke ruɗin mutane, tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Allah Ya halicce shi ne ya wuni kai a ƙasa yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, in ka sake shi a fili sai ya yi wajen awa 16 a rana yana ci. Kuma tumbin nan ba ya daina fitar da asid dare da rana, ko da abinci ko babu, shi kuwa yawun da yake kashe kaifin asid ɗin ba ya zuwa sai in dokin yana tauna. To yanzu ka ƙirga da kanka, ciyawar da aka zuba da yamma ƙila kafin tara na dare ya share ta, daga nan har gari ya waye ciki babu komai sai asid, da safe kuma a tarbe shi da kilo uku na hatsi wanda zai haɗiye cikin minti ashirin. Gwaguyar katakon nan da kake gani, sau da yawa abin taunawa yake nema bai samu ba.

Shi kuma hatsin, sitaci ne fal a ciki, masara ma kusan kashi 70 cikin ɗari ɗinta sitaci ne, alkamar doki wato ots kuma wajen kashi 40. Sitaci yana narkewa da sauri ya koma suga ya shiga jini, ƙarfi ya zo wa dokin lokaci guda alhali yana ɗaure a turke ba inda zai kai shi. Wanda ƙaramin hanji ya kasa narkarwa kuma sai ya zarce babban hanji inda ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa suke, ya yi tsami a can, ya kashe masu amfanin, daga nan ne ake samun kumburi da murɗar ciki, in abin ya yi tsanani har ciwon kofato mai sa doki ya kasa taka ƙasa. Gobe da safe ka tsuguna ka duba kashinsa da kyau, ka sa tsinke ka fasa ɗaya. In ka ga ƙwayar hatsi sukutum a ciki, ko kashin ya yi ruwa-ruwa yana warin tsami maimakon ya fito dunƙule-dunƙule yana fashewa in ya faɗi ƙasa, to ka ga shaida da idonka.

Ƙa'idar da masana abincin dawaki suke bi mai sauƙi ce. Ciyawa, a ma'aunin busasshiya, kar ta gaza kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyin dokin a kullum. Ba ka faɗa min nauyin naka ba, amma mu ɗauka kilo 400 ne, kenan kilo 6 zuwa 8 na ingirici mai kyau kowace rana, kuma aunawa za ka yi da sikeli, ka daina cewa runguma ɗaya runguma biyu, don rungumar yaron barga daban taka daban. Sitaci kuma ga doki irin naka kar ya wuce giram 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a ci ɗaya, wato giram 400, wanda bai wuce kilo ɗaya na ots ba ko ɗan sama da rabin kilo na masara. Ka ga kenan abin da kake ba shi ya ninka haka sau uku ko fiye, ga doki da sau biyu ko uku kacal yake fita a sati. In ba ka da hanyar auna shi, ka ɗauko tef ɗin tela ka zagaya ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, ka kuma auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk a santimita, sai ka ninka zagayen ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877, abin da ya fito shi ne nauyinsa a kilo, ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Amma fa dan Allah kar ka tashi gobe ka juya masa abinci gaba ɗaya, cikin doki ba ya son canjin bazata. Ka ɗauki kwana 10 zuwa 14 kana rage hatsin kaɗan-kaɗan kana ƙara ciyawa, ɗan abin da ya rage ɗin ma ka raba shi kashi uku, kuma kullum ciyawa ta riga hatsi shiga ciki. Kar ya wuce awa huɗu zuwa shida baki ba ya motsi, musamman da dare, in yana da haɗama ka samu ragar nan mai ƙananan ƙofofi ka cusa ciyawar a ciki ka rataye masa, zai kwana yana zarar ta sili-sili. Kafin ka ɗaura sirdi ma ka ba shi ɗan ciyawa ya ci, tana yin kamar tabarma a saman asid ɗin ta hana shi fantsama sama lokacin sukuwa, waccan maganar ta a hau doki da yunwa don ya fi gudu, cutar da shi kawai ake yi.

Na san abin da zai zo maka a rai, kar ya koma ramarsa ta da. In ka ga ya fara zubewa, mai za ka ƙara masa, man girki mai tsafta irin na waken suya ko na masara, don mai ya fi sitaci ƙarfi sama da ninki biyu kuma a hankali yake sakin ƙarfin, ba ya hau wa doki kai. Ka fara da mililita 50 a rana ka rinƙa ƙarawa duk bayan kwana uku-huɗu, kofi ɗaya a rana ya ishi yawancin dawaki, iyaka dai kar ya wuce mililita 1 a kan kowane kilo na nauyinsa, kuma in man ya yi yawa yana buƙatar ƙarin bitamin E. Dusar nan kuma a sassauta, musamman ta alkama, fosfaras ya yi mata yawa kalsiyam ya yi kaɗan, in aka daɗe ana lafta wa doki ita ƙashinsa ne ke biya, har fuska ta kumbura. Sai gishiri, cokali ɗaya zuwa biyu babba a rana, da ruwa mai tsafta a gabansa ko da yaushe, doki mai kilo 400 ko yana hutawa yana shan wajen lita 20, in ana zafi ko ya yi aiki sai ya ninka.

To mu dawo kan garin da abokinka ya ce. Magnesiyam gaskiya ne jijiyoyi da tsoka suna buƙatarsa, kuma dokin da ya rasa shi yakan yi firgita da rawar tsoka, sai dai abin da doki mai kilo 400 yake buƙata in ba ya aiki mai nauyi bai wuce giram 6 a rana ba, kuma ciyawa mai kyau ta kan biya masa wannan. In jikinsa bai rasa ba, abin da ka ƙara yawanci fitsari zai bi. Akwai wani gwaji da aka yi a Ostireliya a 2015 da ya nuna giram 10 na magnesiyam ya rage saurin zaburar dawaki, amma dawakin 'yan kaɗan ne, kuma gwajin da ya biyo baya bai tabbatar da hakan ba. Bitamin B1 shi ma ƙwayoyin babban hanji suna samar da shi in dokin yana cin isasshiyar ciyawa, ka ga maganar ta sake dawowa kan ciyawa. Akwai kuma garin da ake sa wa wani sinadari mai suna tiriftofan, shi wannan ma ba a samu hujja mai ƙarfi cewa yana kwantar da doki ba, yawansa kuma yana iya lalata jajayen ƙwayoyin jini. Wasu garin kuma da saiwar baleriyan ake haɗa su, in kana shiga gasa ka karanta jikin robar da kyau, don hukumar wasannin dawaki ta duniya FEI ta haramta ta. Ban ce duk na banza ne ba, amma ni abin da ke ba ni takaici shi ne a bar doki a kan kilo shida na hatsi, ciki wayam duk dare, sannan a barbaɗa masa cokalin gari a zauna jiran ya natsu. In bayan ka gyara abincin ka ba shi sati huɗu zuwa shida har yanzu kana son gwadawa, ka gwada abu ɗaya tak, ka rinƙa rubuta halinsa kullum a takarda, don in ka haɗa uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne cizon nan da yake kaiwa in an ja majayi. Wannan ba lallai iskanci ba ne, ƙila ciwo yake ji. Na taɓa riƙe wata goɗiya mai irin wannan halin, da na kai hannu bayan gwiwar ƙafarta ta gaba sai fatar wajen ta rinƙa karkarwa tana kaɗa wutsiya tana cije haƙora, na fi wata biyu ina tsawata mata ina ganin taurin kai ne, ashe gyambon ciki ne ke cin ta, har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Olsa, wato gyambon cikin nan, ta yi yawa a dawakin da ake ba hatsi da yawa kuma suke daɗewa a ɗaure, a dawakin tsere ma mafi yawansu suna da ita. Ka kira likitan dabbobi ya duba shi, hanyar tabbatarwa ita ce a zura masa kyamara ta hanci zuwa tumbi, maganin kuma omeprazole ne na wajen kwana 28, amma likita ne zai auna maka, kar ka yi gaban kanka. Ya zo ɗin ya duba haƙora don masu kaifi suna yanka kumatu in linzami ya taɓa, ya duba gadon baya ko sirdin yana matsa masa, ya duba ido, dokin da ba ya gani sosai dole ya yi ta zabura.

Sannan ka sake shi ya motsa kullum ko da ba hawa za ka yi ba, yaro ya ja shi da ragama na minti talatin ko arba'in, ko a sake shi a fili ya yi birgima, in da hali ya rinƙa ganin wani dokin kusa da shi don dabbar garke ce, kaɗaici kansa yana sa shi tsorata. Ka rubuto mana bayan sati shida mu ji yadda ake ciki.

TAMBAYA: Malam ni kuma ciyawar nan da ake kira alfalfa nake ba goɗiyata, sai aka ce min ita ce ke sa ta zafin kai, in daina. Kuma ran da abincinta ya yanke ko zan iya ɗibar mata na shanu ko na kaji kafin a kawo?

AMSA: Hajiya alfalfa sitacinta da sugarta kaɗan ne, kuma kalsiyam ɗin cikinta yana taimakawa wajen rage kaifin asid, shi ya sa ma ake ba masu olsa ita kafin a hau su. Abin da yake akwai ta fi ciyawar gama-gari ƙarfi, in goɗiyar ba ta aiki sosai kuma ita kaɗai take ci to ƙarfin zai yi mata yawa, ki gauraya, kashi ɗaya alfalfa kashi biyu ko uku ciyawa, ki duba ta na sati biyu-uku. Maganar abincin shanu da na kaji kuwa kar ki kuskura ko sau ɗaya, wasunsu ana zuba musu wani magani mai suna monensin wanda kaɗan ɗinsa yake lalata zuciyar doki ya kashe shi. Ran da ya yanke ki cika mata ciyawa da ruwa da ɗan gishirinta, za ta kwana lafiya har a kawo.