Amsa ga Kawu: abin da ke kai mu kan dutse ƙirgar shaho

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali. Saƙonku ya iso, na kuma ji tambayar da kuka yi kan hoton da yara suka nuna muku: shin da gaske ne mu Hausawan da ke zaune a Messina muna bin Turawa kan duwatsu muna ƙirga shaho, kuma ba a biyan kowa ko sisi? Gaskiya ne, Kawu. Ba dukanmu ba, amma akwai magidanta da matasa da ba sa bari watan Afrilu da Mayu su wuce ba su hau ba, ni ma ina cikinsu.

Sai kun san yadda wurin yake kafin abin ya shiga hankali. Messina tana bakin tsibirin Sisili, kuma ruwan da ya raba ta da sauran ƙasar Italiya bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba a inda ya fi ƙunci. Manyan tsuntsaye masu farauta ba sa son doguwar tafiya a kan teku. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama, sai su buɗe fiffike ta ɗaga su suna kewayawa, in sun yi nisa su zuro gaba ba tare da sun wahala ba. A kan ruwa ba a samun wannan iskar yadda ake samunta a tudu. Shi ya sa waɗanda suka taso daga Afirka suka tsallako daga Tunisiya sukan bi tsawon tsibirin su taru a wannan mashigi. Dubun dubata ke wucewa kowace shekara.

Mafi yawansu wani shaho ne da mutanen nan ke kira adorno. Abincinsa 'ya'yan rina da zanzaro. Da ƙafa yake tone gidansu, fuskarsa kuma tana da gashi mai tauri da ke kare shi daga harbinsu. A dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake cin lokacin sanyi, sannan ya keto Sahara ya zo Turai ya yi ƙwai. Saboda shi aka fara wannan aiki. A da, maharba kan gina ɗakunan ɓuya na siminti a kan tuddai suna jiransa, suna kashe dubbai a shekara, ba don yunwa ba. Camfi ne ya yi ƙarfi, musamman a tsallaken Kalabiriya, wato yankin Italiya da ke ɗaya gefen ruwan, wai namijin da bai harbo adorno ba matarsa za ta ci amanarsa. Wata 'yar garin nan, Anna Giordano, tun tana yarinya ta ƙi yarda. A 1984 ta fara tara masu sa kai su zauna kan duwatsun suna kallo, suna rubutawa, suna kiran jami'an tsaro in sun ga bindiga. A 1986 aka cinna wa motarta wuta, ba ta fasa ba. A 1998 aka ba ta kyautar Goldman ta kare muhalli. Yau harbin ya ragu ƙwarai a ɓangaren Sisili, kuma a ganina idanun mutanen da ke zaune a wurin ne suka yi wannan aiki fiye da takardar doka.

Ga yadda yini yake. Da sassafe ake hawa duwatsun Peloritani, wani lokaci har ƙololuwar Dinnammare mai tsayin sama da mita 1,100, inda ake hango teku ta gefe biyu. Sanyin wurin yana shiga ƙashi ko a watan Mayu. Kowa da madubin hangen nesa a wuya, ɗaya na riƙe da takarda, wani kuma da ɗan abin ƙirga na dannawa, irin carbin nan na zamani da ake sa wa a yatsa. Ana iya yin awa biyu ba a ga komai ba. Can sai wani ya nuna sama da hannu, ka ga ɗigo ɗigo baƙaƙe suna juyawa a ƙarƙashin gajimare. Ba a ƙirga su suna kewayawa, don za ka maimaita. Sai sun miƙe a jere sannan a fara dannawa. A rubuta iri, da adadi, da lokaci, da inda iska ta fuskanta, domin iska ce ke sauya musu hanya, musamman siroko mai busowa daga wajen Sahara. Akwai wasu a wani tudun, sai a yi waya da su kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu. Sabon zuwa ba ya rubuta suna sai gwani ya tabbatar. Amfanin lissafin yana ga maimaita shi a wuri ɗaya shekara bayan shekara, ta haka ake gane irin da ke ƙaruwa da wanda ke ƙarewa.

Kun tambaya ko ba ɓata lokaci ba ne ga mai iyali. Ranar hutu muke zuwa, aikin neman abinci yana nan yadda yake. In azahar ta yi mukan shimfiɗa darduma a gefe, ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira. Cuku da burodi da zaitun ake ci tare, naman da bai halatta gare mu ba sun san ba ma taɓawa. Mun daɗe a garin nan, Kawu, 'ya'yanmu a nan aka haife su, a nan suke makaranta. Ba ma son a san mu a layin karɓar takarda kawai. Wanda ya zauna da kai kan dutse yini guda cikin iska, gobe in ya gan ka a kasuwa da sunanka zai kira ka, kuma yaron da ya iya bambance shirwa da adorno daga nesa yakan ɗaga kai a aji.

Akwai kuma wanda ya shafe ku kai tsaye a Damagaram. Cikin masu wucewa akwai wani siririn shaho, namijin ruwan toka mai baƙin bakin fiffike, macen ruwan ƙasa da fari a gindin wutsiya, yana tashi ƙasa ƙasa a kan gonaki. Daga kaka har zuwa Maris yana yankinku ne, kuma fara ce babban abincinsa. A nan Turai a ƙasa yake sheƙa, sau da yawa cikin gonar alkama, har masu sa kai kan kewaye sheƙar da raga kafin injin girbi ya iso. Duk wanda aka harbo a mashigin nan, manomin gero ne ya yi asarar mai taya shi yaƙi da fara.

Matsalar ba ta ƙare ba. A tsallaken Kalabiriya har yanzu jami'an tsaron daji na fita sintiri kowace shekara a wannan lokaci. Kada hankalin Inna ya tashi: ƙa'idarmu ita ce ba ma tunkarar mai bindiga, wuri da lokaci kawai muke rubutawa mu kira hukuma. A gaida ta da su Yaya da yara duka.