Likita, kakana ya sha sigari har ya tsufa lafiya

Tambaya: Likita, shekarata 43, kuma shekara 22 ke nan ina shan sigari, kwali guda a rana. Kakana ya sha ta har ya haura 85, ko tari ban taɓa jin ya yi ba. Maganar ciwon daji da gaske ce ko tsoratarwa? In gaskiya ce, ai ni bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan kaka. Sai dai ka tambayi kanka ina abokansa da suka fara sha tare. Wanda ta kashe yana ɗan shekara 55 bai rayu ya ga jika ba, balle jikan ya ba da labarinsa.

Da gaske ce. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Kowace zuƙa suna taɓa ƙwayoyin halittar huhu su yi musu lahani. Jiki na ɗinke ɓarakar, amma ɗinki bisa ɗinki shekara da shekaru, wata rana sai a samu ƙwayar da ta ƙi gyaruwa, ta shiga hayayyafa ba birki. Shi ya sa daɗewa ana sha ta fi yawan karan da ake sha a rana illa. Mai sha ya ninka wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30 wajen haɗarin kansar huhu. Abin kuma ba ya tsayawa a huhu: akwai baki da maƙogwaro da ƙoda, har da mafitsara. Wannan ta ƙarshen tana ba marasa lafiyana mamaki, sai na bayyana musu cewa ƙoda ce ke tace gubar daga jini, ta zauna cikin fitsari tana cin bangon mafitsarar.

Batun bushewar alƙalami kuwa ban yarda ba. A 1951 wasu masu bincike biyu, Richard Doll da Bradford Hill, suka fara bin diddigin dubban likitocin Birtaniya, masu shan sigari da marasa sha, aka yi shekara 50 ana binsu. Masu sha sun rasa kimanin shekara 10 na rayuwa. Amma wanda ya bari yana ɗan 40 ya kuɓutar da kusan 9 daga ciki, ɗan 50 kuma 6. Kai kana kusa da layin farko. Shekara 10 bayan barin ta, haɗarin kansar huhu na raguwa da kusan rabi.

Kada dai ka ce za ka koma kara biyar a rana. Na sha jin wannan dabarar, ba ta kai mutum tudun tsira, kuma sau da yawa kwalin yakan dawo. Sa rana, ka faɗa wa iyalinka, ka nemi likita ya ba ka cingam ko filastar nikotin, masu rage ƙawar sigari.

In kana da tarin da ya wuce mako uku, ko jini a kaki ko fitsari, ko muryarka ta dushe ta ƙi dawowa, ka je asibiti cikin makon nan.