Me ya sa Littafi Mai Tsarki yake yawan nanata magana?

Tambaya: Na fara karanta Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa, sai na ga ana ta maimaita abu ɗaya. Dokoki Goma sun zo sau biyu, Zabura 136 kuma kowace aya da amshi iri ɗaya. Akwai wani asiri a ciki ne, ko in riƙa tsallakewa?

Amsa: Kada ka tsallake, ɗan'uwa, amma kuma kada ka shiga haƙar asiri. Domin kunne aka rubuta waɗannan littattafai. Mutum ɗaya ne yake karantawa jama'a suna sauraro, kamar yadda Ezra ya yi a Nehemiya 8, tun da sassafe har tsakar rana. Mai sauraro ba shi da halin komawa shafin baya, don haka sai a sake jiyar da shi. Zabura 136 ta irin wannan ce: ayoyi 26, kowacce tana ƙarewa da "gama ƙaunarsa madawwamiya ce". Amshi ne, a bakin taro yake daɗi.

Wani nanatawar kuma na harshen ne kansa. Ibrananci, wanda dangin Hausa ne na nesa, yakan ninka kalma don ƙarfafa ta, yadda muke cewa maza-maza. A Ishaya 26:3 abin da aka fassara "cikakkiyar salama", a asali "shalom shalom" ne. In aka kai uku, kamar "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki" a Ishaya 6:3, an kai maƙura ke nan. Yusufu ma ya faɗa wa Fir'auna dalilin da mafarkinsa ya zo sau biyu, na shanu da na zangarku: Allah ya tabbatar da al'amarin, kuma ba zai jinkirta ba (Farawa 41:32).

Inda ribar take da yawa shi ne inda aka maimaita amma aka ɗan sauya. Buɗe Fitowa 20 da Maimaitawar Shari'a 5, ka sa yatsa a kowanne, ka bi dokar Asabar layi-layi. A Fitowa, dalilin hutun shi ne Allah ya yi halitta cikin kwana shida ya huta a na bakwai. A Maimaitawar Shari'a, dalilin shi ne ku ma kun yi bauta a Masar, saboda haka bawanka da baiwarka su huta kamar kai. Wanda ya ce "ai na riga na karanta wannan" ya yi asarar rabin dokar. Haka ma a Farawa 2:17 Allah ya hana cin 'ya'yan itacen ne, amma da Hawwa'u ta maimaita wa maciji a 3:3, sai ga ƙarin "kada ku taɓa". Sai ka jera ayoyin biyu za ka lura.

Duba kuma Bitrus. Ya yi musun Yesu sau uku, yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi (Yahaya 18:18). A sura 21, bakin wata wutar gawayin, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Wutar da adadin duk an dawo da su da gangan.

Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko, raba baitin waƙa gida biyu a nemo wa kowanne koyarwa dabam. A Zabura 19:1, sammai suna shelar ɗaukakar Allah, sararin sama yana nuna aikin hannuwansa. Magana ɗaya ce aka faɗa ta fuska biyu, layi na biyu yana ƙarasa na farko.

Na biyu, ɗaukar adadin kamar laya, wai duk abin da aka faɗa sau uku ya tabbata. A Irmiya 7:4 mutanen Yahuza suna ta cewa "Haikalin Ubangiji" har sau uku, annabin kuwa ya kira maganar tasu ruɗi. Yesu ya hana yawan surutun banza cikin addu'a (Matiyu 6:7), amma shi da kansa a Getsamani ya yi addu'a sau uku da kalmomi iri ɗaya (Matiyu 26:44). Ke nan ba maimaitawar ya hana ba, abin da ya hana shi ne zaton cewa yawan magana ne yake sa a amsa addu'a.