Tambaya da Amsa: Wai a ina aka fara noma, kuma ya aka yi aka gane?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, yarona da ke sakandare ya ce min wai an koya musu noma ya fara ne sama da shekara dubu goma can wajen ƙasashen Larabawa. Toh mutanen da ba su da rubutu wa ya ba da labarinsu? Kuma gero da dawa ma daga can aka kawo mana su? Daga wani makaranci a Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Yaronka ya faɗi daidai amma rabin labarin ya kawo maka. Mafi tsufan shaidar noma da aka samu tana yankin da yau ake kira Siriya, kudancin Turkiyya, Iraƙi, Jodan da Falasɗinu, wajen shekara 11,500 baya, inda aka fara da alkama da sha'ir da wasu dangin wake. Sai dai Sin ma sun fara tasu shinkafar da kansu, ba wanda ya je ya koya musu, haka mu ma nan Afirka.

Batun ya aka gane kuwa, ai kai manomi ka fi kowa saurin fahimta. Ka san shibra da ke fitowa cikin gero, wadda tun kafin a zo girbi ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa? Toh duk hatsin daji haka yake, shi yake shuka kansa. Hatsin gida kuwa ƙwayar na manne da zangarniya har sai an sussuka. Mutanen da can in sun je yankan hatsin daji, wanda bai kakkaɓe ba shi ya fi shigowa hannunsu, in suka ajiye iri daga ciki suka shuka baɗi sai irin mai riƙewa ya ƙaru, a haka a haka har ya rinjaye. Kuma fa ba abin shekara goma bane, alkama da sha'ir sun ɗauki kusan shekara 2,000 kafin su gama zama na gida, wato mutane sun daɗe suna shuka hatsin daji kafin hatsin ya canza.

Masu tonon tarihi abin da suke nema kenan. Suna ɗebo ƙasar tsohon murhu su zuba a ruwa, ƙwayar da ta ƙone ta zama gawayi sai ta taso sama, a tace ta a duba a madubin likita, gurbin da ƙwaya ta rabu da zangarniya in sumul yake da kanta ta faɗi, in kuma a karye yake toh sussuka aka yi. Shekarunta kuma ana aunawa da kabon 14, wani sinadari da ke raguwa a hankali a jikin tsiro ko dabba bayan ya mutu. A wani tsohon ƙauye mai suna Abu Huraira a bakin kogin Furat a Siriya, wanda aka tona a 1972 da 1973 kafin ruwan dam ya shanye wurin, har a ƙasusuwan mata an ga alamar wahala a gwiwa da babban yatsan ƙafa saboda durƙuson niƙa a dutse kullum. Wannan yana taɓa min zuciya sosai wallahi, duk wanda ya taso ya ga kakarsa a bakin dutsen niƙa ya san aikin nan ba wasa bane.

Yanzu ga inda nake so ka faɗa wa yaron da kyau, gero da dawa ba baƙi bane, namu ne. A Afirka ma kiwon shanu ya riga noma, lokacin Sahara na da ciyawa da tafkuna. Ɗaya daga cikin geron gida mafi tsufa an same shi a kwarin Tilemsi a Mali, wajen shekara 4,500 ko ma fiye, kuma yadda aka gane abin sha'awa ne, magina tukwane suna cuɗa ƙaiƙayi cikin yumɓu, da aka gasa tukunya ƙaiƙayin ya ƙone amma zanensa ya zauna a jikin tsingaro har yau. Dawa kuma a gabashin Sudan kusa da Kassala aka ga alamarta ta wannan hanyar, wajen shekara 5,000. Wake an samu tsohonsa a yankin Kintampo na Gana, ya kusa shekara 4,000. A Gajiganna ta jihar Borno ma ana noman gero tun wajen shekara 3,000 baya, haka mutanen Nok, wata tsohuwar al'umma da ta rayu a tsakiyar Najeriya, su ma gero suka fi ci.

Wadda take baƙuwa a gonarka ita ce masara. Asalinta wata ciyawa ce a kudancin Meziko da aka fara nomawa wajen shekara 9,000, kuma ba ta shigo Afirka ba sai bayan shekarar 1500, da jiragen ruwan Turawa suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyar Amurka da gaɓar tekunmu.