Tambaya daga Tawa: in sayi hannun jari a kamfanin gwamnati?

Tambaya: Ina fataucin albasa tsakanin Galmi da Tawa. Wani ya ce in ba shi jika ɗari biyar ya saya mini hannun jari a wani kamfanin gwamnati da wai za a cefanar. Mece ce cefanarwar nan? In bayar ko in bari?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna.

Cefanarwa ita ce gwamnati ta cire hannunta daga kamfanin da ta mallaka, ta miƙa shi ga 'yan kasuwa. Wani lokaci sayarwa take yi, kamar masana'antar siminti ta Malbaza, nan kusa da kai. Wani lokaci kuma aikin kaɗai take bayarwa haya. Haka aka yi da ruwan famfo a 2001: rijiyoyi da bututu suka zauna a hannun gwamnati ƙarƙashin SPEN, aka ba kamfanin SEEN rarrabawa da karɓar kuɗi, kamfanin Faransa Veolia na riƙe da kashi 51. A farkon 2024 aikin ya koma hannun NDE, na gwamnati.

Abin da na fi so ka duba shi ne labarin SONITEL, kamfanin wayar tarho na Nijar. A 2001 aka sayar da kashi 51 ga masu jari na Sin da Libiya. Gyaran da aka sa rai bai samu ba, a 2012 gwamnati ta karɓe kayanta, daga baya ta haɗe shi da SahelCom aka samu Niger Telecom. Ka ga ke nan sayarwa ba ta tabbatar da riba, kuma abin da aka sayar yau ana iya karɓe shi gobe. A 'yan shekarun nan ma karɓewa ake yi: a 2025 aka mayar da SOMAIR mai haƙar yuraniyom mallakar ƙasa.

Ba na ƙin cefanarwa gaba ɗaya. Sonatel, kamfanin wayar tarho na Senegal, ya bunƙasa bayan sayar da shi a 1997, ƙananan masu jari sun ci moriya. Amma ta kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan suka saya, da takarda.

Don haka ka tambayi mutumin nan sunan kamfanin, da sanarwar gwamnati, da lasisinsa. Hannun jarin BRVM ta dillalai masu lasisi ake sayensa, waɗanda ake kira SGI, akwai kuwa a Yamai. Su za su buɗe maka asusu da sunanka. In ya fara kame-kame, zuba jikkunanka cikin albasar bana.