Rahoto ya ce kuskure santimita 2, safiyo ya ce rabin mita: waye mai gaskiya?

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min hankalina a tashe yake. Wani ɗan kwangila ya ba ni aikin awon filin da za a yi wa cikon burji a hanyar Daura, kusan hekta 15. Na ɗaga dron ɗina Mavic 2 Pro, na sa alamomin ƙasa huɗu a kusurwoyi huɗu an auna min su da RTK, wato na'urar GPS ta safiyo mai awo daidai, na haɗa hotunan a manhajar Metashape mai fitar da taswira daga hotunan dron. Aiki ya fito tas, rahoto ya nuna kuskure santimita 2 kacal. Yanzu safiyonsu ya je ya auna ya ce tsakiyar filin nawa ya fi nasa tudu da kusan rabin mita, lissafin tifa ya ɓaci, mutumin yana ta cewa na cuce shi. Manhajar ce ba ta da kyau ko na'urarsu ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, amma ba zan ɓoye maka ba, alamu sun nuna safiyon ne ke da gaskiya, ita kuma manhajar ba ta yi maka ƙarya ba, kai ne ba ka karanta abin da ta ce daidai ba.

Wannan santimita 2 ɗin da kake riƙe da shi kamar takardar kotu, a kan me aka same shi? A kan alamomi huɗun da kai da kanka ka ba ta ka ce ta lanƙwasa aikin ya zauna a kansu. Toh ka ba yaro amsa a hannu sannan ka yi masa jarabawa ya ci ɗari bisa ɗari, sai ka ce haziƙi ne? Wallahi wannan abu ya ishe ni, kusan kullum sai wani ya turo min rahoto yana murna, in tambaye shi alamar gwaji nawa ka bari sai ya yi shiru. A Metashape abin ba wuya, a ɓangaren Reference ka cire alamar tik daga kan wasu alamomin, shikenan sun zama na gwaji, manhajar ba za ta jingina da su ba, sai dai ta faɗa maka nisan da ta kauce musu. Wannan lambar ita ce ingancin aikinka, ba waccan ba. Kai kuma huɗu gare ka duk a gefe, tsakiya babu mai tsaronta.

Abin da ya same ka shi ne filin ya yi doro, kamar an kife ƙwarya. Idan duk hotunan kyamara tana kallon ƙasa tsaye ne a layuka masu bin juna, manhajar ba ta iya gane lanƙwasar gilashin kyamarar sosai, sai ta zuba kuskuren a cikin siffar ƙasar, gefe ya zauna a kan alamominka tsakiya ta kumbura. Ido ba ya ganinsa, shi ya sa yake da haɗari. Rabin mita a kan hekta ɗaya kaɗai kubik mita 5,000 ne, ka lissafa tifa nawa kenan, ka ga dole mutumin ya yi ihu.

Kuma dan Allah yaran nan da suka sayi dron don bidiyon biki da hawan sallah yanzu suna karɓar aikin awon gona da fuloti, ku ji tsoron Allah. Kyan hoto ba awo ba ne. GPS ɗin da ke cikin ƙaramin dron yana kaucewa da mitoci, a tsayi ma ya fi muni, kuma zanen fili sai safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyi rajista a Najeriya, ke sa masa hannu. Iyakar gona ta raba ƴan uwa da yawa a ƙasar nan, ba wasa ba ce.

Gyara kuwa, ka fara da abin da ke hannunka. Mavic 2 Pro kyamararta layi-layi take ɗaukar hoto yayin da jirgin ke tafiya, ba kamar Phantom 4 Pro mai murfin inji da ke ɗauka a tashi ɗaya ba, hakan yana ɗan karkata hoton, akwai wajen gyaran wannan a Metashape cikin Camera Calibration, mutane da yawa ba su taɓa kunna shi ba. Sannan bayan ka jera hotuna ka shiga Gradual Selection ka share ɗigogin da manhajar ta haɗa hotuna da su waɗanda ba su da tabbas, kaɗan-kaɗan, kar ka kwashe fiye da rabi a tashi ɗaya, duk sharewa ka danna Optimize Cameras, har kuskuren haɗa hotunan ya sauko wajen piksel 0.3, piksel kuwa shi ne ƙaramin ɗigon hoto. Ka kuma sa manhajar ta ware ƙasa zalla daga sabara da tumfafiya da bishiyar bedi, in ba haka ba ganye za ka auna a matsayin tudu. Ka tambayi safiyon ma a kan wane tsarin awon taswira yake aiki, don Katsina duk a shiyyar taswira ta 32 muke, amma tsarin Najeriya da ake kira Minna lambarsa 26332 ce, na GPS wato WGS84 kuma 32632, tsakaninsu ya haura mita ɗari, haka ma'aunin tsayi ku tabbatar iri ɗaya ne.

In ka samu dama ka koma filin, lokacin da hazo bai yi kauri ba, ka ƙara alamomi biyar ko shida har da tsakiya, ka yi zagaye na biyu a gicciye da kyamara a karkace kamar digiri 20. In kuwa komawa ba zai yiwu ba, ka roƙi safiyon ya auna maka wurare uku a tsakiya da ake iya gani a hotunanka, bakin kwalbati ko dutse, biyu ka sa su cikin lissafi ɗaya ka bar shi na gwaji, sai ka turo min sabon rahoton mu duba tare kafin ka koma wajen ɗan kwangilar.